Tsatsar Libarbar Kaka

"Wa ya goge ta?"

Likita Villacorta bai ɗago kai ba da ya yi tambayar. Tsohon likitan haƙori ne, ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, tara tsofaffin bindigogi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya. Ya kwantar da libarbar, ƙaramar bindiga mai gangar harsasai, a kan farin tawul bisa tebur yana binta da gilashin ƙara girma, kamar mai neman tsutsa a haƙori.

Senyong ake tambaya. Shekara talatin yana ƙera bindigogin ɓoye a wata bukka cikin tsaunukan Danao, amma bai taɓa shiga gidan mutum da niyyar fashi ba sai yau. Berting, shugaban harkar, yana gefensa a zaune cikin rigar coci, wai shi dillali. Kulas direba yana waje cikin mota, inji a kunne, rana tsaka tana dukan birnin Cebu.

Shirin mai sauƙi ne. Kowa ya san halin Likita, in aka kawo masa tsohuwar bindiga ta gaske, sai ya buɗe ɗakinsa na ƙarfe ya ɗauko irinta ya jera su kafin ya yi ciniki. Ƙofa na buɗewa, a ɗaure shi, a kwashe, a ware. Da wannan sharaɗi Senyong ya ba da libarbar da kakansa ya yi yaƙin Japanawa da ita. Berting ya sumbaci gicciyen wuyansa ya rantse ba za a zubar da jini ba, kuma abin da Senyong yake so ke nan, ya fita gidan nan hannunsa babu jinin kowa.

"Ni na goge ta, ranka ya daɗe," ya ce. Har da ɗan alfahari.

"Bakin fa? Wa ya rage masa tsawo?"

"Ya lanƙwashe ne, sai na datse. Ƙotar ma ta tsage, na sassaƙa mata sabuwa."

Likita ya kunce ƙotar ya leƙa ciki, ya juya gangar harsasai kusa da kunnensa, ya saurara. Sannan ya cire tabarau ya yi ajiyar zuciya.

"Dong, ka kashe ta," ya ce wa Senyong, da kiran da ake yi wa na ƙasa da kai a nan.

Ai maƙeri maƙeri ne. Berting cewa ya yi kawai ya kawo bindigar, amma Senyong ya ga abin kunya ne ya kai wa babban mutum ƙarfe mai tsatsa. Ya zauna da magagari da takardar goge ƙarfe, ya share lambar da ta dishe, ya dafa ƙarfen har ya yi baƙi siɗik yana ɗaukar ido. A Danao haka ake mutunta mai saye.

"Tsatsar nan ita nake saye," in ji Likita. "Da ƙotar da gumin kakanka ya ci, da lambar da za ta gaya mini shekararta. Yanzu wa zai bambanta ta da wadda aka ƙera jiya a daji?"

"To a ɗauko taku a gwada mana, Dok," Berting ya ce, murmushinsa ya fara ƙonewa.

"A gwada me da me? Ba sai na wahalar da gwiwata ba." Ya juya ga Senyong. "Amma hannunka yana da kyau, ban taɓa jin ganga tana juyi haka ba. Ina neman mai kula mini da kayana, wanda zan koya wa abin da ba a taɓawa. Aiki na halas, da takarda. Kana so?"

Senyong ya ɗago kai. Duk tsawon rayuwarsa babu wanda ya taɓa yi masa irin wannan tayi, sai yau da ya zo da ɓarawo a gefensa. Baƙin ciki ya rufe shi. Ya buɗe baki zai yi magana.

Berting ya riga shi. Ya zaro bindiga daga ƙugu ya kifar da teburin.

"Tashi, tsoho. Mun gaji da lacca."

"Berting, ka rantse..." in ji Senyong.

"Rufe mana baki, kai da shegen gogenka. Dok, ɗakin."

Likita ya dubi Senyong, kallo ɗaya. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Berting ya tisa ƙeyar tsohon har ƙofar ƙarfen. Tsohon ya danna lambobi, har da na ƙararrawa, ƙofa ta buɗe — jiniya ta tsage gidan!

A wata rumfar abinci da ke bakin titi, wani ɗan sanda, Saja Labajo, ya ture kwanon shinkafa da busasshen kifi. Rediyon ƙugunsa ne ya kira sunan unguwar.

"Gidan mai tsofaffin bindigogin nan ne," ya ce wa abokin aikinsa. "Na sha gaya masa. Tashi mu je."

A ciki kuwa Berting ya haukace. Yana danƙara bindigogi a buhu yana zagi. Likita ya riƙe masa hannun riga.

"Wannan dai ka bar mini, ta mahaifina ce..."

Tau! Tau!

Tsohon ya jingina da bango ya sulale a hankali, kamar wanda ya gaji da tsayuwa.

"Mu fece!"

Senyong bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi ƙofar gida ba. Kulas ya buɗe mota. Berting ya jefa buhu ya faɗa ciki, Senyong ya kama murfin — sai ya ga bakin bindigar Berting yana kallonsa. Shi ya ƙera ta bara.

"Kai ka ɓata harka, kai za ka zauna ka yi musu bayani."

Harsashin ya fasa masa gwiwa. Mota ta yi ƙara ta ɓace.

Ba su yi nisa ba. A kan gadar da ta nufi tsibirin Mactan 'yan sanda suka tare hanya, Kulas ya so ya ratsa ta gefe, ya daki bayan tirela. Nan take ya cika. Berting ya fito da gudu yana harbi da buhunsa a kafaɗa, bai kai ƙarshen gadar ba. Tsofaffin bindigogin suka watse a kwalta, wasu suka gangara teku. Ko da sun tsira ma, babu mai sayensu, duk mai tara irin kayan nan a tsibirin ya san na Likita ne.

Senyong ya ja jiki ya koma falon, jini na binsa. Ya ɗauki farin tawul ɗin ya danne ƙirjin tsohon yana kiransa. Ya daɗe yana dannawa kafin ya yarda cewa gawa yake riƙe da ita, gawar mutumin da shi kaɗai ne zai iya shaidar ba Senyong ne ya yi harbin ba.

Haka Saja Labajo ya same shi. Rai uku sun tafi, ga na huɗu zai ƙare kwanansa a kurkuku da ƙafa ɗaya. Saja ya sa masa ankwa, sannan ya hangi libarbar a ƙarƙashin kujera. Ya sa hankici ya ɗauko ta, ya juya ta a hasken taga, ya yi fito.

"Kai, wannan kamar sabuwa. Aikin wane ne?"

Senyong ya dube ta.

"Nawa ne," ya ce.