Wa Ke Taɓa Firintar?

Akwai wata yarinya 'yar aji shida mai son ƙere-ƙere. Ummanta tana da wata ƙaramar firinta a kan teburin falo. Ba takarda take bugawa ba. Roba take narkarwa, tana jera ta layi bisa layi har abu ya tashi.

Ana saura kwana huɗu a yi bajekolin kimiyya a makaranta, yarinyar ta sa firintar ta yi mata hasumiyar tankin ruwa. Da ta dawo gida, sai ta tarar hasumiyar ta karkace daga tsakiya, kamar an ture ta.

Ta sake sawa. Washegari ma haka.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta a ranta. "Akwai mai taɓa ta."

Ta shiga nazari. Umma tana wurin aiki. Ƙaninta kuwa tare suke zuwa makaranta. Saura Kaka, wadda ta zo musu kwana biyu, kuma kullum tana mitar ƙarar firintar ta hana ta barcin rana.

Ranar da babu makaranta, yarinyar ta kunna firintar, ta laɓe bayan labule. Can sai ga Kaka. Ta sunkuya, ta kara kunne, ta miƙa yatsa.

"Na kama ki!" Yarinyar ta yi tsalle ta fito. "Ashe ke ce kike ɓata mini aiki!"

Kaka ta dube ta kawai. Babu tsokanar da suka saba. Ta shige ɗaki ta fara ninke kayanta a jaka.

Umma ta fito daga kicin. "Kin ga ta ture wani abu?"

"Na ga ta miƙa hannu."

"Miƙa hannu laifi ne? Kashe firintar, ki kawo tocila."

Umma ta ce mata ta tura kan firintar da ke zuba robar da hannu, a hankali. Ya tafi sumul, sai ya yi ƙas, ya tsallake.

"Kin ji? To dubi bel ɗin da ke jan sa."

Bel ɗin wata siririyar baƙar roba ce mai ƙananan haƙora. Yarinyar ta danna shi, ta ji ya yi sako-sako. Ta haska tocila. Haƙoran wani wuri duk sun cinye, zare ya fito a gefe, ga baƙin gari ya zuba a ƙasa.

"In haƙoran suka cinye, sai bel ya zame," in ji Umma. "Kan ya ɓace wa wurinsa, aiki ya karkace. Babu wanda ya taɓa."

Yarinyar ta ajiye tocilar. Ta je ta durƙusa a gaban Kaka. "Don Allah ki yafe mini. Kada ki tafi."

Kaka ta ajiye zanen da take ninkewa. Sannan ta ce, "Shekara talatin ina taka keken ɗinki. Na san kukan bel in ya gaji. Saurare nake yi, in faɗa wa uwarki."

Hawaye ya zubo wa yarinyar.

"Share, ja'ira," in ji Kaka, ta ja mata kunne kaɗan. "Zo ki mayar mini da kayan nan. Ke kika sa na ninke su."

Umma ta ɗauko sabon bel a aljihun tebur. Kaka ta riƙe tocila, yarinyar ta ɗaura. Wannan karon hasumiyar ta tashi sak, yarinyar kuma ta kai ta makaranta a kan lokaci.

Daga ranar ta gane cewa zato ba hujja ba ne. In abu ya ɓaci, a fara bincike kafin a nuna wa mutum yatsa.