Sassaben Kailu

"Kailu! Mi ka yi haka?!"

Bokitin ruwa ya suɓuce daga hannun Latifa. A gindin itacen dogon yaro na tsakar gidansu, cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, ba abin da ya rage na furen mahaifiyarta sai kututture tsawon ɗan yatsa.

Kailu, saurayin da za ta aura bayan kaka, yana tsaye da adda, gumi har wuya, yana murmushin mai jiran yabo.

"Sassabe na yi mishi, hasken idona. An ce ke kinka ce..."

"Sassabe?! Sabara ta? Gonar hatsinka ta?"

Ortansiya sunan furen. Mahaifiyarta, marigayiya Malama Jamila, ita ce ta kawo shi daga Yamai, ta raine shi shekara tara a zafin Filinge, ruwa safe da yamma. Kafin ta rasu ta kama hannun Latifa ta nuna mata: busasshen kan kaɗai ake yankewa, a saman idanu biyu na reshen, inda tsiro ke fitowa, domin furen baɗi yana kwance cikin tsohon reshe. Shi kuwa Kailu, manomi ɗan manomi, abin da ya sani shi ne in ka sare itace har ƙasa, da ruwa ya sauka zai tofo.

"Wa ya ce maka ni na ce?"

Kailu ya dubi bakin madafa. Basiratu, ɗiyar baffan Latifa, wadda ta daɗe da sa masa ido, ta duƙar da kai tana ta daka kamar ba ta ji ba. Kailu ya kau da kai. Bai so ya haɗa 'yan uwa faɗa.

"Laihina na," ya ce.

"Shi kaɗai Inna ta bar mini, Kailu... shi kaɗai!"

Malam Hamani, mahaifinta, ya fito daga ɗaki. Ya daɗe yana kallon kututturen.

"Shekara tara marigayiya ba ta bari ko akuya ta taɓa shi ba. A aje zancen auren nan."

Kailu ya tsugunna, ya tattara rassan cikin rigarsa, ya fita.

Latifa ta ci gaba da ba kututturen ruwa. Bai tofo ba, baƙi ma ya yi. Ta yi kuka don furen, ta yi kuka don Kailu, har ta kasa gane wanne ya fi mata ciwo. Tana son sa, kuma haushinsa bai rage son da komai ba.

Sai da aka yi wata biyu Basiratu ta zo ta durƙusa gabanta.

"Ni na hwaɗa mishi ke kinka aiko. Ki gahwarce ni, Latifa. Sau ukku na kai mishi hura garkarshi, lambun nan nashi, ko kai bai ɗaga ba. Wasu tukwane yake ta ba ruwa."

"Tukwane?"

Washegari da hantsi amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gida. Kailu ya shigo da ƙananan tukwanen ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Kowace da ɗan reshe, kowane reshe da sabon ganye shar.

"Na tambayi ma'aikacin gandun daji," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ya ce in kahwa su cikin jiƙaƙƙen rairayi, ƙarƙashin rumhwa. Ashirin na kahwa. Bakwai sunka kama."

Latifa ta taɓa ganye ɗaya da ɗan yatsa. Hawaye ya ɓalle mata.

"Rassan Inna na?"

"Nata na, masoyiyata. Ban yar da ko guda ba."

"Kailuna... mi ya sa ba ka hwaɗa mini ba?"

"Tsoro nike su mace, in kashe miki shi sau biyu."

Malam Hamani ya tsugunna gaban tukwanen. Ya kira sunan matarsa a hankali, ya goge ido da bakin rawani.

"Kailu."

"Na'am, Baba."

"Ka turo manyanka ran Juma'a. Amma addar nan, ka bar ta gida."

Latifa ta yi dariya cikin kuka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan almakashin mahaifiyarta, ta sa a tafin Kailu, ta kama hannun nasa yadda aka taɓa kama nata.

"Zo in gwada maka. A saman idanu biyu..."