Fuskar Direba a Madubi

A gindin gada suka haɗu, wata safiya da sarƙar keken Auta ta zame. Tana tsugune, hannu duk baƙin mai, motoci na wucewa har iskarsu na kaɗa mata mayafi, sai ta ji ƙararrawa a bayanta.

"Sannu, malama. Matso da shi gefe, nan bakin kura ne."

Wani dogon saurayi ne mai gyaran firiji, wanda masu keke ke kira Ƙararrawa, don ko akuya ya gani sai ya kaɗa mata. Kafin ta gama jin kunya ya mayar da sarƙar. Ta ce kantin magani take aiki, kuma kullum tura keken take yi a gadar nan, don tsoro.

"Kowa da turawa ya fara," in ji shi. "Kawo lambarki in sa ki a guruf ɗinmu."

'Yan Feda sunan guruf ɗin, kuma dokarsu ɗaya ce: duk wanda ya kai wurin aiki sai ya rubuta "Na isa." Bayan wannan kowa ya baje ɗan abin alfaharinsa. Wani tela ya rubuta, "Yau na liƙe faci da kaina." Wata malama ta ce, "Na riga motar haya isa makaranta!" A yi ta tafi kamar sun ci kofi.

Ba a jima ba saƙonnin Ƙararrawa suka koma zuwa mata ita kaɗai.

"Fitilata, yau kin hau gadar?"

"Na kai rabi, gabana ya faɗi, na sauka."

"Rabi ma hawa ne. Ni kam na daɗe da faɗawa, kuma ba na neman mai tayar da ni."

Ta karanta ta rufe fuska da tafin hannu, alhali ba kowa a kantin.

Baba ne matsalar. Shekara da shekaru yana tuƙa tirela, ya ga abin da taya ke yi wa mutum, shi ya sa ko keken Auta da ƙyar Inna ta shawo kansa. Ga ɗan amininsa mai mota yana ta zaryar neman Auta da ledar tsaraba. Ranar da Ƙararrawa ya zo gaisuwa, Baba ya dubi keken da ke jingine a ƙofa ya ce, "Biyo ni."

Ya kai su garejin da ya yi aiki, ya hau da saurayin gaban wata tirela, ya sa Auta ta tsaya da keke dab da tayar gaba.

"Kana ganinta?"

Ƙararrawa ya leƙa gilashi, ya duba madubi. Babu Auta, babu keke.

"Ba na ganinta, Baba."

"To haka ake niƙe ku. In ba ka ga fuskar direba a madubi ba, shi ma bai san da kai a duniya ba. Ba zan ba ka 'yata ta yi takaba da ƙuruciyarta ba."

Daga ranar tsoro ya tare a zuciyar Auta. Kowace safiya ba ta iya ƙirga ƙwayar magani daidai sai ta ga "Na isa" ɗinsa.

Ran nan tana gindin gada saƙon tela ya shigo guruf: "Tirela ta taka mai keke a shataletale. Kowa ya yi magana."

Aka fara jerowa. Na isa. Na isa. Ina hanya. Ƙararrawa shiru. Ta kira, wayar a kashe. Ta kira Baba, ta ce, "Baba, shataletale," kuka ya hana ta ƙarasawa.

Ba ta san lokacin da ta taka feda ba. Ta haye gadar, ta gangara, bakinta ba abin da yake fitarwa sai salati.

Mutane sun yi cincirindo. Ta kutsa, ta hango keken a ƙarƙashin taya, ya lanƙwashe kamar maratayin kaya, ƙararrawar nan ta baje a kwalta. Sai ta ji muryarsa daga gefe.

"Fitilata!"

Yana zaune a bakin kwata, gwiwar hannu a kuje, wayar a farfashe, amma da ransa. Ta durƙusa gabansa tana kuka tana masifa a lokaci guda.

Baba ya iso a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Ya dubi keken, ya dubi yaron.

"Yaya aka yi ka fita?"

"Tana fara karya kwana na ɗaga kai na duba madubi, Baba. Ban ga fuskar direban ba. Sai na saki keken na yi tsalle."

Baba ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ya dafa kan saurayin.

"Na yi wa mutane da yawa wannan magana," ya ce a hankali. "Kai ne ka ji. Ka turo manyanka."

Sai da yamma Auta ta tuna, ta rubuta a guruf: "Yau na hau gada ban sauka ba." Wayarta ta ɗauki ƙara har Inna ta ce a kashe mata wannan abin.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, masu keke suka raka amarya suna kaɗa ƙararrawa, Inna na share hawaye tana sa albarka. Baba kuwa, wanda yanzu duk Asabar yake hawa da 'Yan Feda gaban tirela ɗaya bayan ɗaya, bai bi rakiyar ba. Yana tsakar gida riƙe da waya.

Suna shiga ɗaki saƙonsa ya shigo: "Shiru nake ji."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Ango ya riƙe mata wayar ta rubuta.

"Mun isa, Baba."

"Alhamdulillahi. Allah Ya yi muku albarka. Gobe ma ina jira."