Ɓarawon Hoton Anini

Ranar da Damaris ta fara ganin Nelson, da niyyar ci masa mutunci ta fito. Tana zaune a shagon babanta, Baba Jethro, a Kakuri ya sauko daga keke, dogo, fes da shi, riƙe da 'yar ambulan. Haushi ya ƙara turnuƙe ta, don a ganinta bai kamata ɓarawo ya yi kyau haka ba.

Sana'arta sayar da tsofaffin kuɗi a intanet: anini, kwabo mai huda, sisi da sule. Kowanne a kan wani shuɗin ƙyalle take ɗaukarsa hoto, ragowar yadin da Baba Jethro ya taho da shi ranar da aka rufe masaƙar da yake aiki. Masu saye in sun ga ƙyallen nan sun san ba algus. Shi kuwa Nelson sai ya kwafi hoton anininta mai sheƙi ya saka a shafinsa, ya aika wa wani Alhaji nasa aninin da ya siɗe. Alhaji ya shiga guruf ɗin masu tara kuɗin da, ya ce 'yar Jethro ta fara cuta. Sati guda ba wanda ya taya kayanta.

Shi ya sa ta yi odar anini a shafinsa da sunan ƙarya, ta ce a kawo da hannu.

"Ke ce Hadassah?" ya tambaya yana murmushi.

"Ni ce Damaris, mai hoton da ka sata." Ta ɗaga waya, ƙyas, ta ɗauke shi baki buɗe.

"Haba sista, ai anini anini ne."

"Nawa ko ƙwarzane babu, naka kamar tirela ta bi ta kansa. Ka sayar da tsatsarka da sunana!"

Kafin ya koma gida Gonin Gora hotonsa ya shiga guruf, da rubutu a ƙasa: "Na sayarwa. Yana da kyau, amma akwai lahani wajen gaskiya."

Saƙonsa ya shigo: "Don Allah ki sauke. Har mamata ta gani."

"Ka tambaye ni kafin ka ɗauki nawa?"

Can sai ga amsarsa: "A'a. Ban san zafin abin ba sai da na ga fuskata a hannun wani. Ki yafe mini."

Washegari ya fito a guruf ya wanke ta tas, ya ba Alhaji haƙuri. Ciniki ya dawo, amma zuciyar Damaris ba ta huce ba. Ta ce hoto na nan daram sai ya iya ɗaukar hoton kayansa da kansa. Duk Asabar yana zuwa koyo, tana gasa masa aya a hannu.

"Sake! Ina bayan kwabon? Ka ɓoye lanƙwasar, sake!"

"To, Aninina."

"Kar ka ƙara kira na haka, ɓarawo."

Ya ƙara, ita kuma ta daina hanawa.

Ana nan sai wata Vicky 'yar Mahuta ta rubuta a ƙasan hoton: "Nawa za ki bari? Ni ina so, har da lahanin."

Kishi ya kama Damaris. Ba ta kuma yi wa kanta musu ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta goge hoton, ta rubuta: "An sayar."

"Wa ya saya?" Nelson ya turo.

"Ka zo ka ji a bakin Baba."

Baba Jethro kuwa ya ce sam, wanda ya ɓata sunan gidansa ba zai zama surukinsa ba. Sau biyu yana mayar da manyan Nelson daga ƙofa. A na uku Nelson ya biyo su, ya durƙusa.

"Baba, na taɓa ɗaukar abin gidan nan ban tambaya ba. Yau na zo tambaya. In ka ce a'a, zan tafi hannu rabbana."

Tsohon ya dubi 'yarsa da ke leƙe ta labule, idanunta cike da ƙwalla.

"Tashi, ɗana. Tunda ka tambaya, na ba ka."

Aka ɗaura aure a cocinsu na Kakuri, har da Alhaji a wajen liyafa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, amin.