Inda Aka Koya wa Toka Fitsari

Magariba ce irin ta shekarar korona, lokacin da ladan ke cewa kowa ya yi salla a gidansa. Unguwar Madinat Khalifa da ke Doha ta yi tsit. A gidan Injiniya Ja'afaru, matarsa Safiyyatu na shimfiɗa sallaya, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Aka jima, wani ya biyo. Doha kuwa ba garin da yara ke jifa ba ne, balle ana kulle.

Asalin abin ɗan kwikwiyo ne. Wani Bature maƙwabcinsu ya tattara ya koma ƙasarsu ya bar shi a bakin ƙofa, 'yarsu Firdaus mai shekara tara ta ɗauko shi, ta sa masa suna Toka. Yarinya ce tilo, ba makaranta ba ƙawa, har ta fara hira da bango. Uban ya ce a bar mata.

Safiyyatu ta ce, "Kare a gidan Musulmi, Baban Firdaus? Yau ya tsula a kafet, gobe sai a sallaya."

"Koya masa za mu yi, khalas, shi ke nan."

Gidan duk tayil ne, sai wani lungu a gindin tsohuwar magarya, inda ƙasa ta rage kamar faɗin tabarma. To, mai hankali in ya ga magina sun shafe gida kaf sun tsallake wuri ɗaya, ai ya tambayi dalili. Ja'afaru bai tambaya ba. Nan ya zaɓa wa Toka wurin fitsari.

Da Toka ya ci abinci, ko ya fara shinshine yana zagaye, sai Firdaus ta sungume shi ta dire a gindin magarya. Ya turje, ya yi ƙugi, gashin bayansa ya miƙe. Suka ce taurin kai ne. Da tsokar kaza aka ci ƙarfinsa, har ya saba. Safiyyatu kuma, don kashe zarni, kullum da yamma sai ta sheƙa tafasasshen ruwa a wurin, ko bisimilla babu.

Bayan jifa sai tari, irin na tsohuwa, daga gindin bishiyar. Sannan abin ya shigo ɗaki.

Ana gama cin abinci Firdaus ta sauko daga kujera a hankali, ta durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi. Ta shinshina ƙasa. Ta zagaya. Ta hau sallayar ubanta ta jiƙa ta sharkaf da fitsari, tana kallonsa da idon da ba nata ba. Washegari haka. Jibi ma haka. Ta daina magana, ta fara ramewa.

Aka kira Malam Abdulbaƙi, wani Bazazzagi da ke karatun digirin ƙarshe a fannin addini. Ya zo da takunkumi a fuska, ya zauna daidai kanta ya fara karatu. Ya daɗe. Rana ta faɗi, ba wanda ya tuna da kunna fitila. Can yarinyar ta sandare, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ni ce mai gidan, su ne baƙi. A unguwar Mushairib nake, aka rushe. Na koma bayan gari, aka zo gina filin ƙwallo. Ko'ina kankare. Tafin ƙasar nan ya rage mini da jikokina, sai aka mai da mana ɗaki masan kare. Ke kuma, mai ruwan zafi, kin saɓule wa ƙaramin jikana baya."

Safiyyatu ta toshe baki. "Wallahi ban sani ba, Iya."

"Sun koya wa nasu ya ɓata ɗakina, na koya wa tasu ta ɓata nasu. Ina zaluncin?"

"Zalunci ne, yarinya ba ta san da ke ba. Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba ma yanka wa kowa sai Allah." Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, har ta yi ƙara.

"Zan fita! Amma ɗigo ɗaya in ya sake taɓa ƙasata, ba aron yarinyar zan yi ba, ɗaukarta zan yi."

Babban yatsan ƙafar Firdaus ya yi rawa, ta yi atishawa, ta ce, "Mama, ruwa."

Ja'afaru ya kewaye magaryar da bulo, ya zuba yashi a wani lungu. Ina! Toka ya ƙi. Sai ya matse, yana kuka, yana tonon gindin bulon. Da uban ya ga haka, ya saka shi a mota ya kai shi Sanaiya, unguwar masana'antu, ya sauke tsakanin garejoji, bai waiwayo ba. Firdaus ta yi kuka ta gaji. Gida ya lafa.

Wata magariba suna cin abinci, suka ji ana yaƙushin ƙofar waje. Ƙofar kuwa akwai rata a ƙasanta. Ja'afaru ya fita da gudu, ba takalmi. Ya makara. Toka, a rame, ƙafafu duk jini, ya riga ya haure bulon, ya tsuguna daidai inda aka koya masa.

A bayansa Ja'afaru ya ji an ajiye cokali a hankali.

"Ya koyu," in ji muryar nan mai kaushi, daga bakin Firdaus.