Garin Da Ba Shi Ya Niƙa Ba

“Mama, idan kika auri Mai Ganye, kullum zai dinga ba ni shayin da ke sa cikina ciwo?”

Duk wanda ke ɗakin asibitin ya juyo ya dubi Auta.

Maman Auta ta ƙanƙame ɗan hannun ’yarta, wanda aka maƙala wa robar ƙarin ruwa. Tun jiya yarinyar ke gudawa, har idanunta sun faɗa.

A bakin ƙofa Mai Ganye yake tsaye da ledar lemo. Shi ne mutumin da ya koya mata dariya bayan rasuwar mijinta, mai shagon ganyen shayi a bakin layinsu.

“Ka ji da kunnenka ko?” Inna, mahaifiyarta, ta miƙe tana gyara mayafi. “Tun farko na ce ban yarda da mai sayar da ciyawa ba. Ga shi ya kusa kashe mini jika!”

“Inna, don Allah…”

“Kada ka ƙara ce mini Inna!”

Ya juyo ga Maman Auta.

“Masoyiyata, dube ni. Na’a-na’a da ’yar citta da furen zoɓo, shi nake haɗa wa Auta saboda tarinta. Me zai…”

“Likita ya ce maganin wankin ciki mai ƙarfi aka ba ta.” Hawaye suka zubo mata. “Ni na dafa. Ni na hura mata ya huce. Da hannuna na ba ta, saboda daga shagonka ya fito!”

Ta zaro ƙullin daga jaka ta jefa masa a ƙirji.

Ya kwance, ya shinshina. Nan take fuskarsa ta sauya.

“Filasko ne a ciki, ganyen wankin ciki… Kuma gari ne.”

“To, sai me?”

“Yaushe na taɓa ba ki gari don Auta?”



Gaskiya ne. Tun ranar farko da ta shiga shagonsa goye da yarinyar, ganye yake zuba mata a tafin hannu. Yakan ce abin da yaro zai sha, sai uwarsa ta gan shi da ido, ta kira sunansa. Har tsokanarsa take yi, wai injin niƙansa na ado ne.

Shekaranjiya kuwa ba ya nan. ’Yar gwaggonsa, wadda ke tsare masa shago, ita ta miƙo mata ƙullin tana murmushi.

“Yaya ya ce a ba ki wannan. Sabon haɗi ne.”

Maman Auta ta share fuska ta ɗauki mayafinta.

“Inna, riƙe mini hannunta.”

“Ina za ki kuma?”

Ta fice. Ko kallon Mai Ganye ba ta yi ba, amma tana jin takunsa a bayanta har shagon.

Ƙamshin kirfa da kanumfari ya tarbe ta. ’Yar gwaggon na zaune bayan kwalabe tana latsa waya.

“A’a, amaryarmu! Har kin samu ƙarfin fitowa?”

Maman Auta ta ƙura mata ido.

“Wa ya ce miki ba ni da lafiya?”

’Yar gwaggon ta kauda kai.

Maman Auta ta janyo murfin injin niƙa. Ragowar koren gari na manne a jikinsa. Ta laƙato da yatsa ta kai gaban fuskar ’yar gwaggon.

“Idan na’a-na’a ce, lasa.”

“Ni… ni ba na tari.”

“Lasa, na ce!”

’Yar gwaggon ta ja da baya har kwalbar hulba ta faɗo ta tarwatse. Ta fashe da kuka.

“Wallahi ke na nufa! Na ɗauka ke za ki sha. So nake ranar da iyayensa za su je gidanku su tarar da ke kwance, su ce mai ciwo zai kwaso… Tun ina ƙarama nake sonka, Yaya, ka sani! Sai bazawara mai ’ya ta zo…”

“’Yar tana asibiti,” Maman Auta ta ce a hankali. “Hannunta ko jijiya da ƙyar aka samu.”

Mai Ganye ya miƙa hannu.

“Ba ni makulli. Gwaggo kuma ke za ki gaya mata da bakinki, a gabana.”

Da suka koma asibitin, Auta ta farka tana tsotsar lemo. Inna ta saurari komai, bakinta a murɗe.

“Duk da haka daga shagonka ya fito.”

“Haka ne, Inna. Ni na bar shi a hannun da bai kamata ba. Ki yi haƙuri.”

Ya durƙusa gefen gadon.

“Gimbiyata, kin yafe wa Mai Ganye?”

Auta ta yi tunani.

“Sai in za ka sa zuma da yawa.”

Har Inna sai da ta kauda kai tana ɓoye dariya.

Maman Auta ta dube shi, idanunta jajir.

“Na jefe ka da ƙulli…”

“Ki sake jefa ni, indai a kan Auta ne. Shi ya sa nake sonki.”

Bayan yarinyar ta murmure aka ɗaura aurensu. Har yau a ɗakin girkinta kwalabe a jere suke, kowace da ganyenta cikakke, ba gari ko ɗaya.

Ke da kike karatun nan, ’yar’uwa: ko daga hannun wanda kika fi so ƙulli ya fito, kwance shi ki duba. Abin da ba ki san sunansa ba, abin da aka niƙa ba a gabanki ba, kada ya shiga bakin ɗanki. In kuwa cikinsa ya ɓaci, kada ki tsaya dafa wani ganyen. Ɗauke shi, ku tafi asibiti.