Gumin Ampofo a Layin Gaisuwa

Dufie tana juya fufu a turmi, mahaifiyarta Maame Tiwaa tana daka, amma hannun yarinyar ya ƙi sauri.

"Ɗauke yatsunki kafin in dake su! Tunanin mijin nan ne har yanzu?"

"Maame, da idona na gani. Muna layin gaisuwar makoki, muna bin hannaye daga dama zuwa hagu, yana dosar inda Afrakoma take zaune sai gumi ya karyo masa. Ya dafe ƙirji, ya fice ya bar ni tsaye!"

Afrakoma ita ce budurwar mijinta Ampofo ta fari. A Kumasi kuwa da wuya Asabar ta wuce babu makoki, Afrakoma kuma ba ta fashi.

Maame Tiwaa ta ce, "Namiji ya ga mace ya dafe ƙirji, me ya rage? Bari in sa kawunki ya mayar musu da kwalbar giyar aure, a raba auren, kowa ya huta."

Dufie ta koma gida da hawaye, ta tarar da Ampofo yana goge takalmi.

"Sannu, mai ciwon Asabar! Yaya zuciyar? Ko sai an kira mata madam?"

"Dufie, ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da goge takalminsa. Wannan ya fi zagi yi mata ciwo. Duk da haka ta je ta roƙi uwarta a dakata da mayar da kwalbar mako guda.

Asabar ta zagayo, aka yi makoki a garin Ejisu. Dufie ta bi rumfunan nan da ido, kujera bayan kujera, babu Afrakoma, wai ta tafi Takoradi. Ranta ya yi fari. Amma ana buga ganguna, suna shiga layi, sai ta ji tafin Ampofo ya jiƙe ya yi sanyi. Ya fizge hannu ya nufi bayan coci. A karon nan ta bi shi.

Ta same shi a durƙushe, numfashi sama-sama.

"Mutuwa zan yi, Dufie! Ƙirjina zai fashe — yatsuna sun mutu — ƙasa juyawa take!"

Ta waiga. Ba kowa sai awaki. Kunya ta rufe ta. Ta durƙusa ta riƙe shi.

"Dube ni, maigida. Ja numfashi tare da ni. A hankali. Sake ja."

Can abin ya lafa. Ya ce tun makokin mahaifinsa, ranar da ya wuni yana karɓar hannaye, abin yake afka masa a taro.

"Da wane baki zan ce tsoro nake ji? Dariya za a yi mini."

A asibiti likita ya auna shi, ya ce zuciyarsa lafiya lau. Ciwon firgici ne: yakan zo farat ɗaya, ya wuce, kuma yana da magani.

Da Maame Tiwaa ta ji, sai ta aika wa kawu cewa ya sha zamansa. Da yamma ta kawo wa surukinta miyar kifi da hannunta.

Ni mai ba ku labarin nan, na ga aure da dama sun mutu a kan abin da bai kai wannan ba. 'Ya'yana, ba duk zuciyar da ta buga ba ce take bugawa don wata. Kishi yakan sa a ga kishiya a inda mara lafiya ne yake neman hannu. Kafin ku yanke hukunci, ku bi mutum bayan coci ku gani.